Muryar da Ke Ratsa Bango

Lasifika suke ce mini. Ba a gabana ba, amma na sani, don a makaranta magana ba ta ɓuya. Yara ne suka raɗa mini, malamai suka ɗauka, har Hedimasta ya taɓa suɓutar baki ya faɗa a gaban iyaye. Ban taɓa jin haushi ba. Idan na ce "Ku zauna!" a aji biyar, har 'yan aji ɗaya sai sun zauna. Mai sayar da lemo a bakin makaranta ma ta ce ita kanta takan waiga ta nemi kujera.

Ana gab da dawowa daga dogon hutu likita ya haska mini maƙogwaro da wata 'yar fitila. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ja kujerarsa baya.

"Baiwar Allah, me kike yi da muryar nan? Kiran fasinja a tasha?"

"Koyarwa," na ce.

"To wurin da murya ke fita ya kumbura, har ya fara yin kanta irin ta tafin hannun manomi. Zangon nan gaba ɗaya ba ihu, ba ɗaga murya. Ki yi magana ƙasa-ƙasa, ita ma kaɗan. Kika matsa mata sai an yi miki aiki, kuma ban yi miki alkawarin za ta dawo ba."

Ya ce in gaya wa shugabana a ɗauke ni daga aji. Na ce to, na gode. A raina kuwa na ce, kai dai ba ka san Hedimastanmu ba. Duk malamin da ya nuna gazawa, sito ake tura shi, ɗan ɗakin nan da ke manne da bayan ajina, inda ake tara alli da tsofaffin littattafai da karyayyun bencuna. Malamin lissafin da idonsa ya yi rauni can aka kai shi, wai na ɗan lokaci. Daga can ya yi ritaya, yana hira da ɓeraye. Na rantse ba zan shiga siton nan ba, kuma ba zan rasa muryata ba. Duka biyun nake so.

Da na gaya wa baban yara, sai da ya ɗaga hannu sama. "Allah mun gode maka, gidan nan zai huta!" Na wurga masa harara, tun da ita likita bai hana ba. Ya daina dariya. "Ki gaya wa Hedimasta gaskiya kawai. Ki zauna mana, tun ɗazu kike zagaye ɗaki."

Ban zauna ba. Na buɗe durowa na zaro takunkumin rufe hanci da baki, na gwada a madubi. Mura ce ta kama ni. Wa zai tuhumi mai mura don ta yi magana a hankali?

A makarantarmu duk sabon malami wurina ake turo shi kafin a buɗe, in ba shi abin da takardar kwaleji ba ta ba shi ba. Bana wata yarinya aka kawo, siririya, mai takalmi mai tsini. Malamai suka sa mata Auta tun kafin ta gama gaisuwa. Ba a ba ta aji ba tukuna, za ta riƙa toshe gurbi. Ta same ni ina goge taga.

"Anti, an ce in zo ki ba ni shawara."

"Fara da takalmin nan," na ce ta cikin takunkumi. "Kafin a tashi za ki yi kuka. Ki nemo shimfiɗaɗɗe. Ki riga yara shiga aji, ki tsaya a bakin ƙofa su wuce ta gabanki ɗaya bayan ɗaya, su san ɗakinki suka shigo. Kada ki zauna a makon farko. Kada ki ce 'Kun gane?', don ko da yaren aljanu kika yi bayani za su ce e. Ki kama ɗaya ki ce ya maimaita. Kada ki yi barazanar da ba za ki cika ba, yara ba sa mantuwa. Riƙe mini bokitin nan."

Ta riƙe. "Zama fa, Anti? Kowa ya zauna inda yake so?"

"Ina! Kasuwa ce? Ki jera su a waje bisa tsawo. Gajeru gaba, dogaye baya, shi ke nan ba mai cewa an tare masa allo. Tunda na fara aiki haka nake yi, bai taɓa ba ni kunya ba."

"An ce kuma a ranar farko kina buɗe murya sau ɗaya, shekara ta zauna lafiya."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"To mura nake yi," na ce, na karɓe bokitina.

Ranar da aka buɗe tun da sassafe na tashi. Na cika filas da ruwan ɗumi, na manta shi a kan tebur, na dawo na ɗauka, na manta jaka. A makaranta na jera yaran a waje da hannu kawai, kamar mai ba motoci hanya. Can ƙarshen layi wata yarinya ce da ta fi kowa tsawo, har ta kusa kamo ni. Yara na ce mata Falwaya, wai turken lantarki. Na nuna mata bencin ƙarshe, jikin bangon sito. Ta wuce ta gabana tana washe baki, kamar ta ga wata 'yar uwarta da ta daɗe ba ta gani ba. Ban mayar mata ba, makon farko ne.

Suka zauna suna jiran tsawa, don labarina ya riga ni. Na buga abin goge allo a kan tebur. Na ɗaga hannu ɗaya sama, na tsaya. Sannan na fara magana ƙasa-ƙasa.

Wallahi abin ya ba ni mamaki. Suka miƙo wuya. Wanda ya motsa benci, na kusa da shi ya zungure shi ya ce, "Kai, ba ma ji!" Ajin da a da sai na tsage maƙogwaro kafin ya nutsu, ga shi yana tsare kansa da kansa. Na koma gida ina taƙama, na ce wa baban yara ashe shekaru na yi ina ɓarnar murya a banza.

Amma hankalina bai kwanta ba. Hedimasta ya fara wucewa ta tagata, hannuwa a baya, makullai na kaɗawa a aljihunsa. Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Rannan ya leƙo.

"Malama, ashe kina nan? Na ji makaranta shiru, na ɗauka ba ki zo ba."

"Mura ce, ranka ya daɗe."

"Allah ya sawwaƙe. Murar nan dai ta samu wurin zama."

Duk lokacin da na ji ƙarar makullan nan sai zufa ta keto mini a ƙarƙashin takunkumi. Na koma ko shan ruwa sai na juya wa aji baya. Na daina shiga ɗakin malamai, don can sai ka ɗaga murya kafin a ji ka.

Ga kuma Falwaya. Murmushin ranar farko ya ɓace. Ta zuba wa takunkumina ido, ba ta ko ƙiftawa, har na fara taɓa shi in ji ko wani abu ya manne. In na ce a buɗe littafi, sai ta leƙa na kusa da ita kafin ta buɗe. In na kira sunanta, shiru, sai an taɓa ta ta miƙe a firgice ta tsaya ƙiƙam. Aikinta kuwa kwafe ne tsantsa, har da kuskuren maƙwabciyarta. Na ce lallai yarinyar nan raini ne ke damunta, ta ga Lasifika ta mutu.

Wata safiya na yi mata tambaya har sau nawa, tana kallona. Na ji tsawa ta taso mini tun daga ciki, ta iso wuya. Da ƙyar na haɗiye ta, har idona ya kawo ruwa. Na taka har bayan aji, na rubuta mata a bangon littafinta: gobe ki zo da mahaifiyarki.

Uwar ta zo bayan an tashi. Tela ce, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, zare ya manne a hannun rigarta. Ta bar yarinyar a waje, ta zauna a bencin gaba a ɗarare. Muka gaisa. Kafin in fara jero laifuffuka ta riga ni.

"Malama, don Allah me ta yi miki?"

"Ni kuma?"

"Kullum ta dawo sai kuka. Ta ce kin yi fushi, kin daina magana. Ni kuwa sai da na yi ta sintiri ofishin Hedimasta lokacin hutu, ina roƙo kada a kai ta ɗaya ajin, a kawo ta naki."

"Me ya sa sai nawa?"

Ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Ba ta ji sosai, Malama. Zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne tun tana aji uku. In ana kusa da ita, tana kallon bakin mutum, tana kamawa. Daga nesa kuwa sai dai ta ga baki na motsi. Bara a aji huɗu, da yake doguwa ce, a baya aka ajiye ta, jikin bangon nan." Ta nuna bangon da allona ke kai. "Malaminsu ba ta taɓa jin abin da yake cewa ba. Ke take ji. Ta ce in ta jingina kanta da bango, muryarki har cikin kanta take shiga. Duk abin da kika koya wa 'yan ajinki bara, da shi take dawowa gida. Ina ɗinki tana yi mini bayanin yadda ruwa ke zama girgije, da irin muryarki, har da 'Kai, mai jan wando, zauna!'"

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi. 

"Duk hutun nan ba ta da zance sai na bana za ta ga Malama da idonta, ba ta bango ba."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?" na ce, a hankali.

"Ita ta hana. Ta ce yara za su koma ce mata kurma, gara Falwaya. Ni ma ina tsoro. Kin san Hedimasta, yana ji zai ce ba nan ne wurinta ba, a nemi wata makarantar. Ina zan kai ta? Ki rufa mana asiri, Malama. Ki dai yi maganarki yadda kika saba, shi ke nan abin da muke roƙo."

Shi ke nan abin da suke roƙo! Na ji kamar in kwanta a ƙasa. Na ɗauki yarinya na kai ta ƙarshen aji da dokata ta gajeru gaba dogaye baya, na rage murya, sannan na rufe bakin da take karantawa da ƙyalle. Ko da gangan na shirya, ba zan iya toshe ta fiye da haka ba. Kuma ga mu nan mu biyu, ni da 'yar cikin wata, muna ɓoye wa mutum ɗaya abu iri ɗaya.

Na ce wa uwar ta je, na ji.

A gida na kasa cin abinci. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na kwashe wanki daga igiya bai bushe ba, na mayar. Baban yara yana bina da ido.

"Ki dawo da ita gaba mana," ya ce.

"Ta tare wa rabin aji allo? Su tambaye ni dalili in ce me?"

"To ki cire ƙyallen."

"In cire, mutumin nan ya ga ba hancin da ke yoyo, ya ce to me ya hana ni magana?"

"To ki gaya masa."

"Ka fita daga idona," na ce, kuma ko wannan a hankali na faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da safe ban yanke komai ba. Na shiga aji, na buga abin goge allo, na ɗaga hannu. Suka yi tsit suna miƙo wuya. Can baya na hango Falwaya. Ba ta ma kallona yanzu. Ta jingina kanta da bangon sito, inda babu kowa sai ɓeraye, ta lumshe ido.

Ban san lokacin da na ja numfashi ba.

"'YAN AJI BIYAR, INA KWANANKU!"

Yaron da ke gaba ya faɗo daga benci. Wani ya ce, "Wayyo, ta dawo!" Aka kwashe da dariya. Ita kuwa kanta ya ɗago daga bango kamar an ja shi da igiya. Ta buɗe ido, ta buɗe baki, fuskar nan ta ranar farko ta dawo gaba ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Na ce a raina darasi ɗaya kawai. Na ɗauko darasin ruwa da rana da girgije, na buɗe murya yadda na saba, har taga na amsawa. Na yi tambaya, hannunta ya riga na kowa tashi, dogo har ya kusa taɓa silin. Ta amsa da ƙarfi, da wata murya mai kauri da ba ta san iyakarta ba. Daidai! Yara suka juya suna kallonta. Na ƙara wata, ta amsa. Maƙogwarona ya fara zafi, na kurɓi ruwa na ci gaba. Darasi ɗaya ya zama biyu. Ina jin abu na kartar wuyana, ina jin maganar likita, ina cewa bari dai in kai lokacin shan iska.

Sai ga ƙarar makullai. Hedimasta ya tsaya a taga yana murmushi. "Yauwa, yanzu na san an buɗe makaranta!"

Na juya ga aji. "IDAN RUWA YA TAFASA A TUKUNYA, ABIN DA KE—"

Muryar ta yanke. Ba dishewa ba, yankewa. Na tura, iska kawai ta fito. Na sake turawa, wani ɗan sauti ya fita kamar na ƙyauren da ya yi tsatsa. Aji ya yi shiru, Hedimasta ya daina murmushi. Na dafa tebur.

Falwaya na can baya, ta miƙe tsaye, ta zuba wa ƙyallen ido tana jira. To me ya rage in ɓoye? Na fizge takunkumin na jefar a kan tebur. Na fuskance ta sosai, na ƙarasa tambayar da leɓe kawai, a hankali, ba sauti ko kaɗan: abin da ke tashi sama, me ake ce masa?

"Tururi!" ta ce, har da buga benci.

Yara suka kalle ni, suka kalle ta. Wani ya ce, "Kai! Ya aka yi ta ji?"

"Malama," Hedimasta ya ce, "same ni a ofis."

A ofis ban iya cewa komai ba, sai baban yara aka kira ya zo ya yi bayani, yana yi yana hararata. Zancen yarinyar kuwa ban bari an taɓo ba. Hedimasta ya ce ya ji takaici da ban faɗa da wuri ba, lafiya ta fi komai. Ya lalubi aljihu, ya ɓalle makulli ɗaya daga cikin tarin, ya ajiye a gabana.

"Na ɗan lokaci ne, Malama."

Likita ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce yanzu ko ƙasa-ƙasan babu, sai mun ga abin da hutu zai yi kafin a yi zancen aiki.

Auta aka ba ajina. Ta zo sito da safe, da shimfiɗaɗɗen takalmi, idonta ya yi zuru-zuru. "Anti, ni fa ba ni da murya irin taki. Ya zan yi da su?"

Na jawo wani guntun allo na rubuta mata da alli. Ki manta da zancen gajeru gaba dogaye baya. Ki jera bencuna a jikin bango su zagaye ɗakin, kowa na ganin kowa, ba mai tare wani. Doguwar nan ki sa ta kusa da teburinki, ɓangaren da haske ke faɗo miki a fuska. Kada ki yi magana kina kallon allo. Kada ki sa hannu ko littafi a bakinki. Ki gama rubutu, ki juyo, sannan ki yi magana.

Ta karanta, ta ɗago. "Saboda me, Anti?"

Na rubuta: haka ake yi. Na goge allon da gefen hannu.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na ji ana jan bencuna, ana dariya, sannan aka yi shiru. Na jera kwalayen alli, na sake jera su. Na zauna, na tashi. Na leƙa ƙofa, na dawo. Daga ƙarshe na ture wani karyayyen benci, na jawo kujera jikin bango, na manna kunnena da siminti.

Ba na jin komai. Muryar Auta ba ta ratsa bango, sai wani gunguni can ƙasa da ba ka iya raba kalma da kalma. Na danna kunne har ya yi zafi. Ashe haka abin yake. Haka yarinyar nan ta yi ta zama a gaban malamai, tana kallon baki na motsi. Hawaye ya zubo mini, na bar shi, tun da ba mai gani.

Gungunin ya tsaya, alamar an yi tambaya. Sai wata murya mai kauri ta ratso bangon, tar da ita.

"Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!"

Na zabura na miƙe. Hamsin da shida ne, 'yar nan, hamsin da shida! Na buɗe baki, na cika ƙirji da iska, sannan na tuna. Na rufe bakina. Amsar ba daidai ba ce, amma tambayar ta ji ta.

Na koma na zauna, na mayar da kunnena jikin bango.